Rigar da Na Saƙa wa Goggonku Dija

Ku duka kun taso kuna jin cewa ni ce na kashe auren Goggonku Halima na fari, ni ce kuma na raba babanku da gidansu. Wasunku a bakin 'yan uwanku na Tudun Wada suka ji, wasu a wajen biki, ana faɗa ƙasa-ƙasa idan na ba da baya. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku nawa ba, domin babanku ya roƙe ni in bar maganar, na kuma bar ta muddin yana raye. Yanzu Allah ya karɓi abinsa, Dada kakarku ma ta daɗe da rasuwa, ni kuma idona ya fara gajiya, ba na ganin idon saƙa sai da tabarau. A wajen sunan da aka yi kwanan baya na ji wata jikar Baffanku Hamma, yarinyar da ba ta san komai ba, tana nuna ni da baki tana gaya wa ƙawarta cewa waccan tsohuwar mai ulu a cinya ita ce ta watsa musu gida. Ba laifinta ba ne, abin da aka zuba mata a kunne take fitarwa. Amma ba zan bar ku da wannan labarin ba.

An kawo ni gidan Tudun Wada da ƙuruciyata, 'yar Kanawa 'yan koli cikin gidan Fulani. Mahaifin babanku ya rasu tun kafin in zo, Dada ce ke riƙe da gidan, kuma riƙo ne na gaske: ba a ɗora tukunya sai ta ce, ba a sauke sai ta leƙa. Hamma, babban ɗanta, yana harkar shanu a tike, kasuwar dabbobi. Babanku direba ne, yana jan mota tsakanin Gombe da Yola, sai ya kwana biyu uku ba ya gida. Sai Halima, budurwa kyakkyawa, doguwa, wadda duk layin ke alfahari da ita. Waɗannan su aka nuna mini, na ɗauka su ke nan. Na jima a gidan kafin in san akwai wata. Tari na riƙa ji daga wani ɗan ɗaki bayan madafa, inda ake ajiye buhunan masara. Da na tambayi Halima wa ke ciki, sai ta ce, “Dija ce,” ta ci gaba da tsifar kanta, kamar na tambayi sunan akuya.

Dija ita ce autar Dada. Tana ƙarama ta yi wani ciwo mai tsanani, zazzaɓi da ciwon baya, ta daɗe a kwance. Da ta tashi sai ƙashin bayanta ya lanƙwashe, doro ya fito mata, ya fi karkata wajen kafaɗar dama. Yara suka riƙa tsokanarta a makarantar allo, Dada ta cire ta. Na yarda da farko tausayi ne. Amma lokacin da na zo ta kai kamar shekara goma sha huɗu, kuma tausayin ya daɗe da zama wani abu dabam. Tana tsintar shinkafa, tana ɓarar gyaɗa, tana wankin gidan kaf, duk a bayan madafa. Maƙwabta da yawa sun ɗauka an kai ta ƙauye wajen dangi. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne da zarar an yi sallama a ƙofar gida sai ta ajiye abin da ke hannunta ta shige ɗakin nan ta ja ƙyaure. Ba sai an ce mata ba. An koya mata har ta iya.

Ni kuwa na zo da sana'ata. Saƙar hannu na koya tun ina gidanmu, a wajen wata maƙwabciyarmu Batangaliya, Mama Saratu, mutuniyar Kaltungo. Da tsinken saƙa biyu da ƙullin ulu nake yi wa jarirai riga da hula da safa, mata suna saye su kai barka. Dada ba ta ɗauki abin da daraja ba, wasan tsinke take ce masa. To a shekarar da nake ba ku labari sanyi ya sauko da ƙarfi, tarin Dija ya tsananta. Wata tsohuwar suwaitar Hamma ta gwanjo take sawa. Ku da kuka san Goggonku, ku yi tunanin yadda rigar da aka yi wa miƙaƙƙen baya za ta zauna mata. Doron ya cinye tsawon bayan, rigar ta ɗage ta bar ƙugunta a waje, daidai inda sanyi ke shiga. Gaban ya zubo har gwiwa. Wuyan kuma ya ja baya ya shaƙe ta, tana yini tana janyo shi da yatsa. Wata safiya Dada ta tsaya a kaina ina saƙa, ta ce:

“Tunda kin iya wasan tsinken nan, ki yi wa yarinyar can abin sanyi. Ki yi shi babba, mai duhu, wanda zai sauko ya rufe komai.”

Na ce to. Amma ko a lokacin na san ba buhu zan saƙa ba. Na kira Dija ɗakina na ce ta cire suwaitar in gwada ta. Ta ƙi. Ta tsaya ta jingina bayanta da bango, yadda ta saba tsayawa ko'ina, ta ce in gwada Halima kawai in ƙara faɗi. Na ce mata ba Halima zan yi wa riga ba. Mun daɗe a haka, ina zaune tana tsaye, kafin ta juya ta fuskanci bango, ta cire. Ba ni da abin awo na tela, da zare na auna ta, ina ƙulla ƙulli a duk inda awo ya tsaya. Daga wuya zuwa ƙugu ta kan doron, zare ɗaya. Daga wuya zuwa ƙugu ta gefen hagu, wani zaren, ya fi na farko gajarta sosai. Na gaba kuwa ya fi su duka gajarta. Kafaɗar dama ta fi ta hagu tudu. Duk inda yatsana ya taɓa sai jikinta ya yi rawa. Da na gama ta kira ni Adda, yadda Fulani ke kiran yaya mace, ta ce, ba tare da ta juyo ba:

“Adda, ba kya jin ƙyama?”

Na ce mata ƙashi ne da fata, irin nawa, ta mai da rigarta kada sanyi ya kama ta. Sai da ta fita na zauna bakin gado, raina a ɓace da mutanen gidan gaba ɗaya, har da babanku. Yarinya ba ta zuwa duniya da irin wannan tambayar, wani ne ya sa mata ita a baki.

Na fara saƙa, na gane ban san yadda zan yi ba. Idan na ƙara tsawon bayan gaba ɗaya, gefuna za su zubo kamar kunnen jaki. Idan na ƙara faɗi, na koma buhun da Dada ta ce. Na saƙa na warware, na saƙa na warware, har ulun ya nannaɗe kamar taliya. Ranar da na samu izinin zuwa gaida iyayena sai na leƙa wajen Mama Saratu da zarurrukan awona. Ta shimfiɗa su a kan tabarma ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta ɗauko wata safar jariri da ban gama ba, ta sa yatsa a dunduniyar ta ce:

“Ma'u, wannan fa? Ƙafa miƙaƙƙiya ce? Yaya kike yi safa ta lanƙwasa a nan ba tare da kin yanka ba?”

Abin da nake yi kullum ne, ban taɓa tunanin zai shiga riga ba. Wajen juya dunduniya, ba ka kai layi ƙarshe. Sai ka saƙa ka tsaya a tsakiya, ka juya ka dawo, ka sake tsayawa kafin ƙarshe, ka sake juyawa. Tsakiyar tana ƙaruwa, gefuna suna nan yadda suke, sai wajen ya yi zurfi kamar tafin hannu. Ta nuna mini yadda zan naɗe zare a jikin idon da na tsaya a kansa kafin in juya, don kada wurin ya bar huda. Ta ce in yi wa bayan rigar dunduniya babba, amma kada in sa ta a tsakiya, in kai ta inda jikin yarinyar ya kai ta.

Haka na yi. Na fara bayan daga ƙasa, da baki mai miƙewa kamar roba don ya kama ƙugu ya tare iska. Da na hau zuwa ƙarƙashin allon kafaɗa sai na fara gajerun layukan nan, ina matsar da su dama, ina faɗaɗa su sannu a hankali, sannan na riƙa rage su har na iso wuya. Gaban na yi shi gida biyu da maɓallai, domin sa riga ta kai yana yi mata ciwo, na kuma rage masa tsawo don bakin rigar ya zagayo daidai, gaba da baya, kamar an ja layi. Kafaɗar dama na rage idonta a hankali, ta hagu na rage da sauri, kowace ta bi gangarenta. Hannuwan ban saƙa su dabam na ɗinka ba. Daga hammata na tsinci ido na saƙa zuwa ƙasa, tana sawa ina dubawa, har kowane ya tsaya a wuyan hannu, ko da yake ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wuyan na sauke shi a gaba don kada ya shaƙe ta, na ɗaga shi a ƙeya na yi masa kwala mai kwanciya. A gefen maɓallai na hau da tufka guda biyu, irin wadda ake sarƙa ido kan ido ta fito kamar igiya, na kuma yi mata aljihu a karkace, domin na lura kullum tana neman inda za ta sa hannuwanta. Launi kuwa ita ta zaɓa. Na baza mata ulun da nake da shi, baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa, ta tsallake su duka ta ɗora yatsa a kan ruwan ɗorawa, wanda na saya don kayan jarirai.

Ranar da na ɗinka maɓalli na ƙarshe ta sa rigar a gaban madubin ɗakina. Ta kai hannu baya ta taɓa ƙugunta, ta ɗaga hannuwa sama, ta sake taɓawa.

“Ba ta ɗage ba,” in ji ta.

Ta sunkuya, ta miƙe, ta sake faɗa. Doron yana nan, riga ba ta ɓoye shi ba, ban kuma yi ta don ta ɓoye shi ba. Amma yanzu yarinya ce cikin rigarta, wadda aka yi domin ita. Da Dada ta gani sai fuskarta ta canza. Ta zagaya Dija tana kallo, ta dube ni ta ce:

“Na ce ki rufe, kin je kin zana shi. Da wannan launin kuma, don a hango ta daga bakin titi.”

Na ce, “Dada, sanyi ba ya shigarta yanzu.” Ta juya ta tafi. Tarin kuwa ya lafa, wannan ko masu zagina ba su musa ba. Dija ta fara fitowa tsakar gida ta zauna a rana, ta fara zuwa ɗakina ina koya mata riƙe tsinke.

A cikin wannan sanyin ne maganar Halima ta taso. Wani saurayi ne ɗan 'yan kasuwar hatsi, mutanen wajen Katsina da ba su daɗe da zama Gombe ba. Halima tana son shi, wannan gaskiya ce, ba zan rage mata ba. Idan ya zo zance takan dawo cikin gida tana murmushi ita kaɗai. Aka sa ranar da gwaggwanninsa za su zo ganin gida da gaisuwa. Babanku yana Yola. Da hantsi ana ta share-share, ana dama fura, sai Dada ta shigo ɗakina, abin da ba ta saba yi ba, ta ajiye mini kwaɗo da makulli a kan gado.

“Yarinyar nan ta fara rashin jin magana, ke kika ɓata ta. Idan baƙi sun zo, ki kai ta ɗakinta ki kulle. Mutanen nan ba su san da ita ba. In suka gan ta za su ce abin a jini yake.”

Na ce mata ai ciwo ne ya jawo, kowa ya sani, a gaya musu haka mana. Ta ce ba ta zo neman shawara ba. Na ɗauki kwaɗon na juya shi a hannuna. Wanda ake kulle ɗakin awaki da shi ne, na san shi, har da tsatsarsa. Na ce:

“Dada, ki yi haƙuri. Duk aikin da kika sa ni zan yi, amma ba zan kulle mutum ba.”

Na miƙa mata da hannu biyu. Ta bar shi a hannuna ta fita. Ina so ku ji wannan da kyau, domin a nan ake yi mini ƙari. Ban ce wa Dija ta fito ba. Ban tura ta ba, ban yi mata ado ba, ban ma gan ta ba tun safe. Abin da na yi shi ne ban kulle ta ba. Da aka yi sallama ta shige ɗakinta kamar kullum ta ja ƙyaure.

Baƙin suka zauna a rumfar Dada, mata manya, da lulluɓinsu da turarensu. Ni ce ke kai da kawowa. An sha fura, ana hira, Halima ta zo ta gaishe su ta koma. Ina durƙushe ina kwashe ludaya sai na ji hira ta tsaya. Na ɗaga kai. Dija ce ke tahowa daga bayan madafa, cikin rigarta ruwan ɗorawa, ta ɓalla maɓallanta har wuya, ɗauke da butar alwala a kowane hannu domin an kira azahar. Ta ajiye butocin, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba. Babbar cikinsu ta amsa da fara'a, ta dubi Dada ta ce:

“Wannan kuma 'yar wa ce?”

Dada ba ta ko yi jim ba.

“'Yar riƙo ce. Marainiya ce daga ƙauye, muke taimakonta.”

Shekaru sun wuce, amma ina ganin fuskar yarinyar nan kamar yanzu. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli uwarta, uwar da ta haife ta ta shayar da ita, sannan ta sunkuyar da kai ta fara ja da baya da gwiwa, tana neman hanyar komawa ɗakin masara. Na san idan ta shiga wannan karon ba za ta sake fitowa ba. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya buɗe, kuma da za a mai da ni wurin yau, haka zai sake buɗewa.

“Autar Dada ce,” na ce. “Ƙanwar Halima ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunanta Dija. Ciwo ta yi tana ƙarama.”

Wannan ita ce maganar da ta watsa gida. Ita ke nan, ba ƙari ba ragi. Baƙin suka yi salla, suka yi godiya, suka tafi. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo cewa Allah bai yi ba. Mutanen Tudun Wada suka ce doron ne ya kore su. Wasu a unguwa suka ce a'a, ƙaryar ce, wai matar da za ta musanta 'yarta a gaban baƙi ba za a haɗa zuri'a da ita ba. Ni ban sani ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani, shaci-faɗi yake yi, domin mutanen ba su faɗi dalili ba.

Tun ranar da baƙin suka zo Dada ta cire wa Dija rigar da hannunta, ta jefa cikin adakarta ta rufe. Halima ta daina cin abincin da na dafa. Matar Hamma ta daina amsa gaisuwata. Da babanku ya dawo, tun bai wanke ƙafa ba Hamma ya kira shi zaure, aka kira ni. Hamma ya ce abu biyu ne: ko in durƙusa gaban Dada da Halima in ce na yi kuskure, ko babanku ya mai da ni gidan ubana. Ya ce Bakanuwa ta zo ta tozarta musu uwa a gaban baƙi. Babanku mutum ne mai kunyar yayansa, ban taɓa jin ya mayar masa da magana ba. Amma ranar sai ya ce:

“Hamma, ƙarya ta yi?”

“Ba maganar ƙarya ake yi ba.”

“To ni ita nake tambaya. Dija ƙanwarmu ce ko ba ƙanwarmu ba ce?”

Hamma ya tashi ya kakkaɓe riga ya fita. Ni kuma na ce wa babanku zan durƙusa wa Dada sau nawa take so, uwa ce, zan ba ta haƙurin ɓacin ranta. Amma in ce na yi kuskure, ba zan iya ba, domin Dija za ta ji, kuma za ta fahimci cewa kuskuren shi ne da aka kira ta 'yar gidan. Na je na durƙusa. Dada ta juya mini baya.

Babanku ya ƙi mai da ni gidanmu, haka muka bar gidan muka tashi zuwa Gabukka. Ku kun san ta cike da gidaje da fitilu. A lokacin gonaki ne da 'yan gine-gine jefi-jefi. Babanku yana da ɗan fili da ɗaki biyu da bai gama ba, ba daɓe, ba ƙyaure, tabarma muka rataya a ƙofa. Ina da ciki, ruwa sai an je nesa, idan ya yi tafiya ni kaɗai nake kwana da tsoro. Da na haihu Dada ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Babanku da Hamma sun yi shekaru gaisuwarsu ba ta wuce ta masallacin Idi ba, kuma na san abin ya ci shi har ya mutu, ko da yake bai taɓa goranta mini ba. Halima daga baya ta auri mutumin Kumo, mutumin kirki, uban 'yan uwanku. Amma a wajen zaman makokin Dada, Halima ta same ni ni kaɗai ta ce:

“Kin yi wa Dija riga. Ni me kika yi mini?”

Na ce mata mutanen da za su gudu don bayan ƙanwarta ba abin baƙin ciki ba ne rasa su. Ta ce, “Ba su nake so ba, shi nake so.” A nan ta fi ni gaskiya. Ta yi rashi, kuma ba ita ta yi ƙaryar ba. Amma ni ma ba ni na yi ta ba, kuma abin da ba zan taɓa haɗiyewa ba ke nan. A gidan nan kaf, tsawon shekarun nan, ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce abin da Dada ta faɗa a rumfa ba daidai ba ne. Hamma bai ce ba, Halima ba ta ce ba. An fi samun sauƙin ɗora wa baƙuwa. Aka gina labari, aka cire kwaɗon awaki daga ciki, aka cire 'yar riƙo daga ciki, aka bar Bakanuwa mai dogon baki, shi ake ba jikoki.

Sanyi bai gama wucewa ba a waccan shekarar, muna 'yan makonni a Gabukka, wata rana da la'asar ina tankaɗe a ƙofar ɗaki sai na hango wani abu ruwan ɗorawa yana tahowa ta cikin gonakin da aka girbe. Na ajiye rariya na miƙe. Dija ce, ita kaɗai, a ƙafa, ba ƙunshi ba komai. Ta faki idon Dada ta buɗe adaka ta ɗauki rigarta, ta fito ta ƙofar gida da rana tsaka. Yarinyar da ta yi shekaru ba ta taka bakin titi ba ta ratsa gari tana tambayar hanyar Gabukka. Ƙafafunta sun yi furu-furu, numfashinta yana fita da ƙyar. Na zaunar da ita na ba ta ruwa, ina tambayarta ko an tsokane ta a hanya, ko yara sun bi ta. Ta shanye ruwan, ta ce an kalle ta, wasu yara sun yi dariya. Sannan ta ce:

“Amma wata mata ta tsayar da ni, Adda. Ta ce ita 'yar unguwar Hammadu Kafi ce. Ta juya ni ta duba kwalar, ta duba aljihun, ta ja bakin hannun ta gani ko zai koma. Ta ce wa ya saƙa mini, tana son irinta wa 'yarta.”

Na ce to me kika ce mata?

“Na ce matar yayana ce. Na ce ni ma ina koya.”

Da magariba Hamma ya aiko a tafi da ita. Babanku ya fita ya tsaya a bakin tabarmar da muke kira ƙofa, ya ce a gaya wa Hamma Dija tana gidan yayanta, duk mai son ganinta ya zo ya yi sallama, ita za ta fito ta amsa masa. Ba a sake aikowa ba. A ɗakin da ba daɓe ta kwana, a gidanmu ta zauna har ranar da muka kai ta ɗakin mijinta.